Yayana Mai Jita da Kiɗan Jiran Baƙi

Yayana yana dab da shekara hamsin ya fara koyon rubuta manhajar kwamfuta, kuma ni na jawo shi ofishinmu, don haka duk abin da za ku ji a nan a kan idona aka yi shi. In kuka gan shi yau zaune gaban kwamfuta, furfura a gemu, iyafis a kunne, ba za ku ce mutumin nan ya shafe ƙuruciyarsa yana kaɗa jita a wuraren biki ba. Sai dai ku dubi yatsun hannunsa na hagu, har yanzu kanta ba ta gama bajewa ba.

Su biyar ne a ƙungiyarsu ta makaɗa, amma ginshiƙan biyu ne: shi da amininsa mai ganguna, wanda kowa ke kira Agogo saboda kiɗansa ba ya gaba ba ya baya. Rashin lafiya ta ɗan lokaci ta ɗauke Agogo. Ba a jima ba kuma masu biki suka gane yaro ɗaya da kwamfuta da lasifika biyu ya ishe su. Yaya ya rataye jitarsa a bayan ƙofa, ya zo gidana wata rana da yamma, ya zauna a kan kujerar roba ya ce, "Auta, abin nan da ya cinye min abinci, so nake in ga me ke cikinsa."

Na yi dariya har da hawaye. Shi kuwa ko murmushi bai yi ba. Ashe da gaske yake! Gemu dai ba ya hana ilimi. Na ba shi tsohuwar kwamfutata mai tsagaggen gefe, na nuna masa darussa, na ce a raina mako biyu ya yi yawa zai dawo min da kayata. Mutumin nan ya riƙe wuta. Kansa yana ja ba kaɗan ba, kuma yana da haƙurin maimaita abu sau ɗari, irin na wanda ya saba gwajin kiɗa. Da na ga ya kai, na je na tsaya gaban Oga na yi ta zuba har ya gaji ya ce, "To, ya zo mu gwada shi. Amma ke kika kawo shi fa."

Ofishinmu ɗaki ɗaya ne dogo a hawa na biyu, tebura a jere fuska da bango, fanka uku, ɗaya ba ta aiki. Ƙasanmu kuwa masu walda ne. Tun safe ake yankan ƙarfe ana bugun guduma, ga janareta a bayan taga yana nasa. Shi ya sa kowa a cikinmu da iyafis ɗinsa. Kana shigowa za ka gaisa, ka toshe kunne, ka saki kiɗan da ka saba, sai duniya ta yi maka nisa ka shiga aiki. Aikinmu ba ya son rabin hankali. Kana riƙe da abu bakwai a ka lokaci guda, wannan ya dogara da wancan, in aka taɓa ka sau ɗaya duk sun zube, sai ka koma farko.

Ranar farko na miƙa wa Yaya iyafis sabo fil, na zuba masa waƙoƙin da nake ji. Na ce a raina ai an gama, makaɗi ne, kiɗa gidansa ne. Ban kai ga zama da kyau ba na ji teburin yana rawa. Na waiga. Yaya ya lumshe ido, ƙafa tana buga ƙasa, hannun hagu yana danna wayoyin jitar da babu ita a gefen tebur. Fuskar kwamfutarsa fayau, ko layi ɗaya babu.

Na zungure shi. "Yaya, aiki fa aka zo yi."

Ya zare iyafis ɗaya ya ce da ƙarfi, don bai san yana ɗaga murya ba, "Auta, wa ya kaɗa musu jitar nan? Wallahi wayarsa ta uku ta saki, ko kunya ba su ji ba suka fitar da ita haka!"

Duk ofis aka kwashe da dariya. Ni kuwa kamar in nutse.

Daga nan aka shiga neman wa Yaya kiɗa, abin ya zama aikin gayya. Wanda ya fi kowa zaƙewa shi ne Dogo, maƙwabcinsa na dama, wanda yake ganin duk duniya babu mai kunne irin nasa. Ya ce matsalar waƙa ce, baituka ke jan hankali, a ba shi zallar kiɗa. Aka ba shi. Yaya ya yi shiru na ɗan lokaci, muka fara murna, sai ga shi ya juyo yana tambayar Dogo ko ya lura mai gangar yana sauri duk lokacin da aka zo amshi. Dogo ya kawo na fiyano mai sanyi, Yaya ya hau lissafin inda kiɗan zai juya, in ya canka daidai ya buga tebur ya ce, "Na faɗa!" Aka kawo ƙarar ruwan sama. Ya ce yana jin ɗigon da ke faɗa wa bokiti, kuma ba ya faɗuwa a kan ƙa'ida, ga shi abin yana sa shi zaryar banɗaki. Na fusata na sayo auduga na ce ya toshe kunnen kawai, kowa ya huta. Wannan ta fi kowacce muni. Da ya daina jin na waje sai na cikin kansa ya taso, ya wuni yana tsara sabon kiɗa yana gunguni.

Hali zanen dutse. Mu in mun sa kiɗa labule muke saukewa, shi kuwa kamar ka kai tela kasuwar riguna ne ka ce kar ya dubi ɗinki.

A haka dai yake ɗan taɓa aiki, yau layi goma, gobe biyar. Oga ya ba shi wani yanki na manhajar da muke yi wa wani kamfanin motocin safa, wajen da ke raba wa fasinja lambar kujera idan ya sayi tikiti a waya. Ba wani abu mai wuya ba ne, amma yana son natsuwa, don mutum biyu za su iya danna kujera ɗaya a lokaci guda, dole manhaja ta san wa za ta ba wa kuma wa za ta ce ya sake zaɓa.

Ranar da abin ya faru, Dogo ya zo da wani sabon kiɗa yana rantsuwa wannan kam shi ne maganin. Kiɗa ne mai tasowa a hankali, yana hawa yana hawa, ganguna suna ƙaruwa. Yaya ya riga ya rubuta umarnin tura aiki zuwa inda jama'a ke amfani da manhajar, ya bar shi a buɗe, da niyyar sai ya gama gyara ya danna. Kiɗa ya yi ta hawa, kafaɗar Yaya tana hawa tare da shi. Da aka zo bugun ƙarshe, wanda duk makaɗa ke saukewa tare, hannun Yaya ya tashi sama da kansa ya sauka a kan maɓallin, tas! Har da ɗan sunkuyar da kai irin na gaban 'yan kallo.

Ba a ɗau lokaci ba wayar Oga ta fara kuka. Lambar gwaji da Yaya ya sa ta tafi yadda take. Duk wanda ya sayi tikiti a wannan tsakanin, manhaja ta ba shi kujera ta ɗaya. Mota guda cur, kowa da shaidarsa a waya, kowa yana cewa tasa ce ta gaba kusa da taga! Aka ce har wata dattijuwa ta zauna ta rungume jakarta ta ce sai dai a ɗauke ta da kujerar. Yanzu muna ba da labarin muna riƙe ciki, amma a ranar babu wanda ya ga haƙorin wani. Ni na mayar da tsohon aikin da hannuna.

Oga ba mai faɗa ba ne, shi ya sa maganarsa ke da nauyi. Ya kira mu mu biyu ya ce, "Malam, ina ganin girmanka, kuma na san kanka yana ja. Amma nan ba dandali ba ne. Ka gyara min rabon kujerun nan ya tsaya da ƙafarsa kafin ƙarshen mako mai zuwa. In bai yiwu ba, sai mu rabu lafiya."

Yaya ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe." A matakala ya tsaya ya dafa bango ya ce min, "Auta, in nan ma ban zauna ba, ina kuma zan je? Wa zai ɗauki mai furfura ya fara koya masa wani abu?" Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, na rasa wanne zan fara da shi.

Ranar hutu da hantsi na tafi gidansu don in amayar da abin da ke cikina wajen matarsa. Matarmu nake ce mata, ita kuma tana ce min uwar miji ƙarama, don ta ce na fi surukarta sa ido. Yaya ya fita aski. Na same ta a falo tana guga, kaya tsibi guda a kan kujera, ga wata tsohuwar waya a kan taga tana fitar da wani kiɗa a hankali. Na zauna na fara kora bayani, ina yi ina tsaki. Can na lura na ninke mata kaya kusan rabi ban sani ba, kuma kiɗan nan tun shigowata yana nan yadda yake, bai hau ba bai sauka ba. Jita ce ke zagaye wuri ɗaya, ganga tana bin ta a natse, daga nesa ana jin ana jan kujeru.

Na ce, "Matarmu, wannan wane irin kiɗa ne marar gaba marar baya?"

Ta yi dariya ta ce, "Ke da gidanku ba ki san Jiran Baƙi ba? Na yayanki ne ai. Shi suke kaɗawa kafin a fara biki, lokacin da zaure bai cika ba. Kin san mutanenmu da makara. Ba za a bar wuri shiru ba, kuma ba za su ƙona waƙoƙinsu masu daɗi a kan kujeru ba. Sai su kama wannan su yi ta juya shi har manyan baƙi su iso. Wannan ma wani mai ɗaukar murya ne ya manta na'urarsa a kunne, ya kwashi kusan awa guda. Ni da shi nake guga, ban san lokacin da nake gamawa ba."

Na ce, "To shi Yaya fa?"

Ta ajiye dutsen guga ta rage murya, ko da yake mu kaɗai ne. "Tun rasuwar Agogo ya hana a sa shi a gidan nan. Cewa yake wai ya tsane shi, kiɗan banza ne, ya kaɗa shi har ya gundure shi. Ni dai na san ba shi ke nan ba. Sai ya fita nake sawa." Ta ɗan yi murmushi. "A kan kiɗan nan na fara ganinsa fa. Lokacin ina aikin jera kujeru a wani zauren taro. Na ga mai jita ya kafe ido wajena, hannu yana ta aiki, ko ƙiftawa ba ya yi. Na ce shi ke nan na yi kasuwa. Ashe ba ni yake kallo ba, bangon bayana yake kallo! Daga baya ya faɗa min wai a lokacin yana lissafin yadda zai gyara lasifikarsu da ta ƙone ne. Duk wani abu mai wuya a rayuwarsa a cikin kiɗan nan ya warware shi. Yadda za a fitar da ɗakin yara a filin nan namu ɗan mitsitsi ma a nan ya tsara. Hannu na kiɗa, kai ya tafi unguwa."

Wallahi ban san lokacin da na miƙe tsaye ba, rigar Yaya ta faɗi ƙasa. Na ce, "Matarmu! Kina zaune a kan maganin kina kallo muna ta haƙilo? Turo min shi yanzun nan!"

Ta ce, "Ke dai kya sha faɗa." Na ce na ji, in dai faɗa ne ai gado muka yi.

Ranar aiki na riga kowa zuwa. Yaya ya shigo da jajayen idanu, ya zauna, ya ɗauko audugarsa. Na ƙwace na miƙa masa iyafis. Ya sa, na danna. Bugun farko kawai ya ji ya fizge shi daga kunne kamar ya taɓa wuta.

"Wa ya ba ki wannan?"

"Matarka."

"Auta, ki kiyaye ni. Ba na son kiɗan nan."

Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, yau sai na faɗa. An ba ka na duniya duk ka tsaya gyara musu waya. Wannan ne kaɗai babu abin da za ka gyara a ciki, don kai ka kaɗa shi, ka san duk inda zai bi. Ka gwada na yau kawai. In bai yi ba, ka kwashe ni da mari a gaban Dogo, na yafe."

Dogo ya ce, "A'a, ni kar a sa ni a rigimar gida."

Yaya ya daɗe yana kallon iyafis ɗin a tafin hannunsa. Ya ce a hankali, ba ni yake faɗa wa ba, "Agogo ne fa a bayana a ciki." Na ce na sani. Ya ja dogon numfashi ya mayar da shi kunne.

Da farko bai yi komai ba, ya dai runtse ido. Na ce a raina shi ke nan, na jawo wa bawan Allah ciwo a banza. Sai na ga kafaɗunsa sun sauka. Idon ya buɗe ya kafe a kan bango, can sama da kwamfuta, daidai yadda matarsa ta kwatanta. Ƙafar da ta addabe mu da bugun ƙasa ta tsaya cak. Sannan yatsu suka sauka a kan madannai.

Jama'a, ban taɓa ganin abu irin wannan ba! Ba sauri yake ba, amma ba ya tsayawa. Layi yana bin layi. Ya rubuta, ya gwada, ya goge, ya sake, fuskar nan a sake kamar mai shan iska. Masu walda suka saki wani uban ƙarfe a ƙasa har tagogi suka amsa, kowa ya zabura, Yaya ko gezau. Na daki Dogo a kafaɗa ina nuna masa da baki. Dogo ya leƙa fuskar kwamfutar ya dawo ya riƙe haɓa ya ce, "Tabɗi! Ashe da tsohuwar zuma ake magani." Ni kuwa aikina ya gagare ni, sai murmushi nake kamar wadda aka yi wa albishir. Na fita baranda na kira matarmu ina tsalle ina cewa, "Ya kama! Wallahi ya kama!" Ta ce in rage ihu kar masu walda su ɗauka gobara ce.

Na dawo na zauna kusa da shi. Iyafis ɗin mai araha ne, sauti yana ɗan tsiyayowa, don haka ina jin zagayen jitar sama-sama. Ban san yadda ɗaukar ta ƙare ba, don a gidansu ban ji ta har ƙarshe ba. Can sai na ji hayaniyar zaure ta ƙaru, gangar ta yi wani bugu biyu a gefe, ƙwas ƙwas, sannan muryar wani namiji mai kauri, cike da dariya, ta ce, "Kai mai jita, dawo duniya, baƙi sun iso!"

Yaya ya ɗago kai, ya waiga ta kafaɗar hagu inda ganguna ke zama, ya amsa da ƙarfi, "Na dawo, Agogo!"

Duk ofis aka juyo ana kallonsa. A bayansa babu komai sai fankar nan da ba ta aiki. Ya daɗe a waige. Sannan ya juyo, ya share fuska da hannun riga, hawaye na zuba yana dariya. Ya ce, "Haka yake min kullum. Shi ke riƙe min lokaci in tafi tunanina, in an gama ya kira ni. Ɗan banza, ko sau ɗaya bai taɓa bari na ji kunya ba." Ni ma na kasa riƙe nawa. Dogo ya hau neman wani abu a ƙarƙashin tebur wanda bai faɗi ba.

Kafin ranar da Oga ya yanka, aikin ya tsaya da ƙafarsa. Oga ya tara mu duka ya ce kowa ya ɗauko wayarsa, in ya ƙirga uku mu danna kujera ta ɗaya a tare. Muka danna. Mutum ɗaya ya samu, sauran manhaja ta ce mana mu yi haƙuri mu zaɓi wata. Muka sake, muka kuma sakewa, ko sau ɗaya ba ta ruɗe ba. Aka ɗau tafi da sowa har wani mai walda ya hauro yana tambayar ko haihuwa aka yi. Oga ya miƙa wa Yaya hannu ya ce, "Malam, kujerarka taka ce. Amma don Allah a bar mana bugun ƙarshe." Yaya ya ce an daina, yanzu sai ya cire iyafis yake danna maɓallin turawa.

Yau rabin ofishinmu da Jiran Baƙi suke aiki, har Dogo, wanda yanzu yake cewa wai shi tun farko ya san irin wannan ake buƙata. Matarmu ta daina ɓoyon wayarta, a fili take gugarta. Jitar ma ta sauko daga bayan ƙofa, ana ɗan taɓa ta ranar hutu.

Na taɓa ce wa Yaya in yanke masa ƙarshen ɗaukar, in haɗa bakin da farkon, kiɗan ya yi ta zagayawa ba tare da an katse shi ba. Aikin minti biyu ne a wurina. Ya dube ni kamar na ce a rushe gidanmu.

Ya ce, "Ki yanke wa? To in na tafi, wa zai kira ni?"